Ina Son Yin Digirin Digirgir a Kimiyyar Teku, Baba Ya Ce Ina Bakano Ina Teku

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 30, haifaffen cikin birnin Kano. Ina da digiri na farko da na biyu a fannin fiziks, kuma a na biyun na karkata ne ga harhaɗa na'urorin lantarki na awo. Da safe ina koyarwa a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, da yamma kuma ina taya mahaifina zama a shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari. Shekara biyu ke nan zuciyata ta kamu da son yin digirin digirgir a kimiyyar teku da fasahar na'urorin bincikensa, alhali ban taɓa ganin teku da idona ba, ko iyo ma ban iya ba. Da na gaya wa Baba sai ya ce ina Bakano ina teku, ya ce ni ne babban ɗansa namiji, in karatu nake so in yi shi a gida. Akwai kuma yarinyar da aka riga aka kai kuɗin gaisuwarta, iyayenta sun fara tambayar yaushe za a sa rana, ni kuwa ban gaya mata komai ba. Sannan wani ya ce in na ba shi kuɗi zai samo mini gurbin karatu da biza a Turai. Malam, in haƙura ne, ko in bi abin da raina yake so?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ka shiga ja-in-ja da mahaifinka, kana jan ƙafa a kan maganar aure, kana kuma shirin miƙa wa wani kuɗi, duk a kan tafiyar da har yau babu takardarta ko ɗaya a hannunka. Babu jami'ar da ta ba ka gurbi, babu malamin da ya amsa zai duba aikinka, kuma ko a layi ɗaya ba ka gaya mini abin da kake son ganowa a cikin tekun ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ba zan ce ka haƙura ba, domin fannin da kake so fanni ne na gaske kuma kana da haƙƙi a kansa kamar kowa, amma ba zan ce ka tashi ba, domin ba ka kai wurin tashi ba tukuna. Shawarata ita ce ka ware shekara guda ka mayar da wannan sha'awa tambayar bincike, ka nemo wanda zai ɗauki nauyinta, kuma a cikin shekarar ka gyara tsakaninka da mutum biyun da kake ɓoye wa rabin zance.

Tambayar Baba ba ta raini ba ce, kuma ka sani duk kwamitin da zai yi maka tambayoyi kafin ya ba ka tallafin karatu ita zai yi maka da wasu kalmomin. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Ko ruwanmu ba ya zuwa teku, domin Kogin Kano da Challawa suna haɗuwa ne su zama Kogin Haɗejia, wanda abin da ya saura daga cikinsa yake bin Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Idan aka tsaya a nan, Baba ne mai gaskiya. Sai dai ruwan da ba ya komawa teku, daga teku ya zo. Babban tushen danshin da ke zama ruwan daminarmu shi ne Tekun Atlantika, kuma iskar kudu maso yamma ce take kwaso shi daga Mashigin Tekun Gini, ta ratsa dazuzzukan kudu da shi har ta iso mana wajen watan Mayu ko Yuni, ruwa ya kai ƙarfinsa a Agusta, sannan ta ja da baya iskar hunturu ta maye gurbinta. Na san dattijo zai ce ai shi tun yana yaro daga gabas yake ganin hadari yana tasowa, kuma hakan ne, domin gungun hadarin daga gabas yake tafiya zuwa yamma, amma danshin da yake sha a ƙasa-ƙasa daga kudu ya hauro.

Wannan zance ya wuce karatun aji. Waɗanda suka kai shekaruna suna tuna farin 1973 da na 1984. A na biyun na ga mutane suna kwararowa cikin gari daga arewa da 'yan komatsansu a ka, na ga saniyar da ba ta iya miƙewa ana neman wanda zai saya a kowane farashi kafin ta mutu. Shekaru da dama bayan farin farko, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne manoma da makiyayanmu ne suka jawo wa kansu, wai da saran itace da yawan kiwo suka kori ruwa. A 1986 wasu masana na hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun fari a yankin Sahel suna tafiya tare da wani salo na zafi da sanyin saman tekunan duniya, musamman lokacin da tekunan kudu suka yi ɗumi idan aka kwatanta da na arewa. A 2003 masaniyar yanayi Alessandra Giannini da abokan aikinta suka sa tarihin zafin saman teku a cikin manhajar kwaikwayon yanayi, sai ga babban ɓangare na farin ya fito ba tare da an sa saran itace a cikin lissafin ba. Wannan bai wanke ɓarnar daji ba, amma ya sauke kaso mai yawa na laifin daga kan talakan da ya fi kowa shan wahala. An kuma gano cewa a shekarar da ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, sau da yawa ruwan sama yakan daɗe a bakin gaɓa ya rage wa arewa, yayin da sanyin da ke tasowa a tsakiyar Atlantika a farkon damina yake taimakawa wajen tura iskar zuwa wajenmu. Manomin Ɗambatta da ke tunanin ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya jira, amsar tambayarsa tana da alaƙa da ma'aunin zafi da ke shawagi a tsakiyar teku. Idan ana neman mutumin da wannan bincike ya shafa kai tsaye, Bakano yana sahun gaba.

Hazon hunturu ma da ke rufe mana gari har jirage su kasa sauka, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda a da can ƙasan wani babban tafki ne. Ƙurar da ta wuce ta kanmu tana faɗawa cikin Atlantika ɗauke da sinadaran ƙarfe da fosfaras waɗanda ƙananan halittun ruwa suke rayuwa da su, wata ma har dajin Amazon take kaiwa. A tsibiran Kef Bade, da ke cikin Atlantika yamma da Senegal, akwai tashoshin da suke auna wannan ƙura a sama da kuma tasirinta a cikin ruwa.

Amma tunda hannunka ya saba da waya da dalma, ina ganin ƙofarka ta fi kusa da ɓangaren fasaha, kuma a nan ne ya kamata ka fi zurfafa tunani. Teku ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa, amma abin da aka zana taswirar ƙasansa dalla-dalla da na'urorin zamani bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba. Dalilin wahalar aikin abu ne da mai fiziks zai gane nan take. Siginar rediyo ba ta nisa a cikin ruwan gishiri, saboda haka GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa, sai dai a yi amfani da sauti, wanda yake gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda, kuma gudun nasa yana sauyawa da zafi da gishiri da zurfi. Kowace mita 10 da aka nutsa, nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Gishiri yana cin ƙarfe, ƙananan halittu suna manne wa na'ura su toshe mata ido, batir kuma dole ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Duk wanda ya iya ƙera na'urar awo mai araha da za ta jure wannan, ko ya iya gyara kurakuran da ke shiga cikin awonta, yana da abin sayarwa a wannan fanni ko da a Sahara aka haife shi.

Ka ɗauki na'urorin Argo misali, wato shirin ƙasa da ƙasa na na'urorin awo masu shawagi a cikin teku. Akwai kusan 4,000 daga cikinsu a warwatse a tekunan duniya. Kowace takan nutse zuwa mita 1,000 ta bi ruwa na wasu kwanaki, ta ƙara nutsewa zuwa mita 2,000, sannan ta taso a hankali tana auna zafi da gishiri, ta aika da sakamakon ta tauraron ɗan'adam, ta sake komawa, duk kwana 10 zagaye ɗaya. Akwai kuma tashoshin awo na PIRATA, waɗanda ake ɗaurewa a wuri ɗaya a kan teku, da Faransa da Brazil da Amurka suka fara kafawa a Atlantika tun 1997, wasunsu a Mashigin Gini. Bayanan waɗannan duka kyauta ne a intanet, haka ma na hukumar Copernicus ta Tarayyar Turai, kuma daga ɗakinka kana iya sauke su a daren yau in akwai caji da data. Wannan shi ne gwajin farko da nake so ka yi wa kanka. Ka koyi Python sosai, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta da ake sarrafa bayanai da shi, ka sauke awon zafin saman Mashigin Gini na shekaru talatin, ka nemi alƙaluman ruwan saman Kano na waɗannan shekarun, ka ɗora su gefe da gefe ka ga abin da za su gaya maka da abin da ba za su iya gaya maka ba. Idan ka yi wata uku a kan wannan kana ƙara jin daɗi, to, fannin kake so. Idan kuwa ka ga ya gundure ka, to, hotunan jiragen ruwa da laƙabin dakta ne suka ja ka, kuma gara ka gane haka a Kano da ka gane shi a wata ƙasa mai sanyi bayan ka saki aiki. Mafi yawan kwanakin mai binciken teku a gaban kwamfuta suke ƙarewa ko a ɗakin gwaji, shiga jirgi kuwa 'yan makonni ne a shekara ga wanda ma ya samu.

Maganar iyo kada ta dame ka. Ka koya, domin amfanin kanka ne, kuma kafin a bar mutum ya hau jirgin bincike akan nemi takardar lafiya, sau da yawa har da horon tsira a ruwa. Amma ba a ɗaukar ɗalibin digirgir don ya iya nutso.

Game da inda za a yi karatun, kada ka raina gida. Najeriya tana da gaɓar teku ta kimanin kilomita 853. Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, a Legas, wadda aka kafa a 1975. Jami'ar Legas tana da sashen kimiyyar teku, Jami'ar Kalaba ta daɗe tana koyar da wannan fanni, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana da sashen kimiyya da fasahar teku, kuma a nan Akure ɗin ne shirin WASCAL, wanda Jamus take tallafawa, yake da digirin digirgir a kan tsarin yanayin Afirka ta Yamma, wanda ya yi daidai da tambayar damina da na ambata. A maƙwabta akwai Jami'ar Cape Coast a Gana da cibiyarta ta nazarin gaɓar teku, a can kudu kuma akwai Jami'ar Cape Town. A Turai sunayen da za ka riƙa cin karo da su a ƙasan maƙalu su ne cibiyar binciken teku ta GEOMAR a birnin Kiel na Jamus, wadda take da daɗaɗɗen aiki a Atlantika ta wajenmu, da cibiyar Southampton a Ingila, a Amurka kuma cibiyoyin Woods Hole da Scripps. Kada ka manta da jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST a Saudiyya, da ke Thuwal a bakin Bahar Maliya, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, kuma take ɗaukar nauyin ɗaliban da ta karɓa. Ina zaton sunan wurin kaɗai zai sassauta wa Baba rai fiye da sunan kowane gari a Turai.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne digirin digirgir malami ake nema kafin jami'a. Ka karanta maƙalu ashirin ko talatin a kan tambayar da ka zaɓa, za ka ga wasu sunaye suna ta maimaituwa. Ka rubuta wa biyar ko shida daga cikinsu gajeriyar wasiƙa, kowa tasa daban, ka ambaci aikinsa da ka karanta, ka faɗi abin da ka yi da hannunka, ka haɗa da zane ɗaya ko biyu daga ɗan binciken da ka yi da bayanan kyauta. Wasiƙar da ta zo da aiki, komai ƙanƙantarsa, ta bambanta da ɗaruruwan da ke zuwa da yabo da roƙo kawai. Da yawa ba za su amsa ba, kada ka ɗauke shi wulaƙanci. A Jamus da Holan da Norwe da Siwidin, guraben digirgir da dama aiki ne da ake tallatawa da albashi, ana nema kamar yadda ake neman kowane aiki, kuma yakan ɗauki shekara 3 zuwa 4, a Amurka kuwa 5 ko fiye. Akwai tallafin DAAD na Jamus, da na Commonwealth, da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, ga fannonin da suka shafi mai da iskar gas, inda fasahar ƙarƙashin teku take da gurbi, tunda rijiyoyi irin su Bonga, wadda ta fara aiki a 2005, suna cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. TETFund kuwa na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, saboda haka a matsayinka na yanzu ba ka cikin waɗanda ya shafa. A cikin shekarar nan ka karɓo takardar sakamakonka daga jami'a tun da wuri, ka zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, ka koma wurin malamanka biyu ko uku da suka san aikinka domin su rubuta maka shaida, ka kuma yi ƙoƙarin fitar da maƙala ɗaya daga kundin digirinka na biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutumin da ya ce ka ba shi kuɗi, kada ka ba shi ko sisi. Gurbin digirgir na gaske ba ya bi ta hannun dillali, domin malamin da zai zauna da kai shekara huɗu sai ya karanta rubutunka ya yi magana da kai da kansa. Abin da irin waɗannan suke samowa, in ma sun samo, gurbi ne na biyan kuɗi da babu tallafi a cikinsa, ko takardar bogi da za ta sa a hana ka biza na shekaru. Haka kuma kada ka yarda a sayar da fili ko a taɓa jarin shago saboda wannan karatu. Binciken teku yana cin kuɗin da aljihun mutum ɗaya ba ya ɗauka, kuma idan babu wanda ya yarda ya biya, alama ce ko dai daftarin bai nuna ba, ko ba a kai ga wurin da ya dace ba.

Dole kuma in gaya maka abin da ke bayan digirin, domin a nan ne tsoron Baba yake da tushe. Gaskiya ne gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, tashar Lekki ta fara aiki a shekarar, kuma akwai hukumar kula da sufurin ruwa ta NIMASA da sojojin ruwa da kamfanonin mai da na shimfiɗa wayoyin ƙarƙashin teku da suke buƙatar masu auna ƙasan ruwa. Amma waɗannan ayyuka a Legas da Fatakwal da Kalaba suke, ko a ƙasashen waje, kuma guraben ba su da yawa. Idan ka zaɓi nazarin murjani ko kifin zurfin teku, ka san ka zaɓi zama nesa da gida. Idan kuwa ka zaɓi alaƙar teku da damina, ko na'urorin awo, ko sarrafa bayanan tauraron ɗan'adam, kana da hanyar dawowa. Sassan fiziks da labarin ƙasa na jami'o'inmu suna nan, cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero tana nan, hukumar NiMet da ke fitar da hasashen damina kowace shekara tana nan, kuma na'urar sautin da ake auna zurfin teku da ita, ita ce dai ake auna yawan laka da yashin da suka taru a ƙasan madatsar ruwa irin Tiga da Challawa. Saboda haka zaɓin tambayar bincikenka shi ne zaɓin inda za ka tsufa, kuma ya kamata ka yi shi da idonka a buɗe.

Yanzu ga Baba. Ina roƙonka kada ka ɗauki abin da na rubuta a sama ka je ka kayar da shi da hujja a gaban yaran shago. Da ya ce ina Bakano ina teku, ba taswira yake tambaya ba. Mutum ne da ya fara jin nauyin shekaru, yana duban wanda zai riƙe makullin shago, wanda zai tsaya a kan auren ƙannenka, wanda zai kai shi asibiti da dare. Wannan damuwar ce take buƙatar amsa, kuma amsarta a aikace take. Ka yi amfani da shekarar nan ka zaunar da ƙaninka ko wani amintacce a shagon, ka koya masa masu kawo kaya da masu karɓar bashi, ka tsara littafin ciniki yadda ko kana nesa za ka iya dubawa ta waya. Ka nemi baffanka ko wani aminin Baba da yake jin maganarsa, ka fara yi masa bayani shi kaɗai, sannan ku je tare a lokacin da hankali yake kwance. Ka gaya masa ba za ka tafi ba sai da takardar ɗaukar nauyi a hannu, ba za ka taɓa kuɗinsa ba, kuma ba za ka tafi ba sai da albarkarsa. Wannan na ƙarshe ka faɗe shi ne kawai idan har cikin ranka haka ne, kuma ina ba ka shawarar ya zama haka ne, domin shekara huɗu na kaɗaici da bincike mai tsayawa yana tafiya suna da nauyin da ba a so a haɗa shi da fushin mahaifi.

Idan hira ta yi daɗi ya sake jefo maka tambayar, to, kana da abin faɗa daga cikin duniyarsa. Dilolin shadda da atamfar da ake saukewa a Kwari, yawancinsu makonni suka yi a cikin kwantena a kan teku kafin su hau mota. Ka tuna masa ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a wajen gaɓar Kwaddibuwa, taransifa ta riƙa maƙalewa, mai saye yana tsaye da kaya a hannu ana jiran alat. Ka tuna masa Alhassan Ɗantata ya yi amfani da jirgin ruwa wajen kawo goro daga gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yau, zuwa Legas, dalar gyaɗa ma ta jirgin ƙasa ta bi zuwa bakin teku, kuma kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa sai da suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin da ke Sudan. Aya ta 14 a Suratun Nahli, inda Allah Ya ambaci hore teku domin a ci sabon nama daga cikinsa, jirage su keta shi, a nemi falalarSa, ya fi ka saninta. Ka bari shi ya kawo ta.

Maganar da ta fi gaggawa ita ce ta yarinyar nan, kuma a kanta ba zan sassauta maka ba. An kai kuɗin gaisuwa, wato iyayenta sun sallami sauran manema saboda kai, kai kuma kana tsara shekaru huɗu ko biyar na rayuwarka ba ta sani ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma kowane wata da ya wuce a haka ita ce take asara. Ka gaya mata a makon nan, ka sa magabatanka su gaya wa nata. Ka faɗi gaskiya cewa kana neman karatu, mai yiwuwa a samu nan da shekara ɗaya ko biyu, mai yiwuwa kuma ba za a samu ba, mai yiwuwa a Legas ko Akure, mai yiwuwa a waje. A ganina, tunda babu tafiya a ƙasa yanzu, babu dalilin ɗage aure idan kana da halin riƙe ta, kuma ɗalibai da yawa sun yi digirgir da iyali. Ƙasashe da dama suna barin ɗalibin digirgir ya tafi da matarsa, Birtaniya ma da ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu tun Janairun 2024 ta bar wa masu digirgir wannan dama, sai dai za a nemi shaidar kuɗin riƙe ta, kuma alawus ɗin ɗalibi a wasu biranen da ƙyar yake isar mutum biyu. Akwai yiwuwar ka riga ta tafiya da wata shida ko shekara. Duk wannan ta ji shi daga bakinka kafin a ɗaura, ta kuma faɗi nata burin, domin wataƙila ita ma tana da karatu ko sana'ar da ba ta son bari. Idan ta amince da iyayenta, a sa rana. Idan sun ga ba za su iya ba, ka sake su cikin mutunci tun yanzu.

Ka yi istihara, kuma kada ka ajiye aikin koyarwarka sai ranar da takarda ta zo. In an yi hutun ƙarshen zango, ka tara kuɗin mota ka tafi Legas, ka sauka wurin 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, ka rubuta wa wani malami a sashen kimiyyar teku na Jami'ar Legas ko wani mai bincike a NIOMR tun kafin ka taso, ka roƙi minti talatin na lokacinsa, ka tambaye shi yadda ranar aikinsa take da inda ɗalibansa suka ƙare. Daga nan ka je bakin ruwa ka tsaya, ka shiga kwalekwale mai inji ko da zuwa Tarkwa Bay ne, da rigar kariya a jikinka, ka ji yadda cikinka zai yi. In ka dawo ka sake rubuto mini, ka sa tambayar bincikenka a layin farko. Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya.